Tsohon Mawaƙi da Waƙar Aro: Me Ya Sa Aka Yafe wa Bob Dylan, Aka Ƙi Yafe wa Rod Stewart?

Ranar 3 ga Fabrairun 2015 mawaƙin Amurka Bob Dylan, yana da shekara 73, ya fitar da wani kundi mai suna Shadows in the Night. Waƙoƙi goma ne a ciki, tsawonsu duka kimanin minti 35 ne, kuma babu ko ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Tsofaffin waƙoƙi ne da suka yi fice a Amurka, yawancinsu na soyayya, akasarinsu na tsakanin shekarun 1920 da 1950, kuma abin da ya haɗa su shi ne kowacce marigayi mawaƙi Frank Sinatra ya taɓa rera ta.

Da labarin ya fara fita, mutane da yawa sun ɗauka wasa ne. Sinatra shi ne ma'aunin santsin murya a Amurka. Dylan kuwa, wanda ya ji kundinsa na 2012, Tempest, ya san inda muryarsa ta kai: kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwano. Masu sharhin waƙa suka wasa alƙaluma suna jira. Sai ga shi kundin ya fito, an koma yabo. Shafin Metacritic, mai tattara hukuncin jaridu ya fitar da matsakaici, ya ba shi maki 82 cikin 100. Ya hau na ɗaya a jadawalin ciniki na Birtaniya, ya zo na 7 a Amurka. A lokacin babu wani namiji mai waƙa shi kaɗai da ya taɓa hawa na ɗaya a Birtaniya da sabon kundi yana da waɗannan shekaru.

Abin tambaya shi ne dalili. Domin shekara goma sha uku kafin nan wani tsohon mawaƙin, Rod Stewart ɗan Birtaniya, wanda kowa ya yarda ya fi Dylan murya nesa ba kusa ba, ya ɗebo daga wannan rumbun, kuma masu sharhi ba su raga masa ba.

Sai an fara da tushen zargin. Mu nan muna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a wajenmu maganar ba ta da gardama, tunda makaɗin gargajiya shi ke tsara waƙarsa, shi ke rera ta. Waƙar Shata ta Shata ce. In wani ya ɗauke ta a wajen biki, ko magajin makaɗi ya ci gaba da waƙoƙin gidansu, babban yabon da za a yi masa shi ne a ce kamar marigayin ne ya dawo. A Amurka kafin shekarun 1960 ba haka abin yake ba. Sana'a biyu ce daban. Akwai marubuta waƙa da ke zaune a ofisoshin kamfanonin ɗab'i a wani layi na birnin New York da ake wa laƙabi da Tin Pan Alley, irin su Irving Berlin, suna rubutawa suna sayarwa. Akwai kuma mawaƙa, aikinsu su ɗauka su hura mata rai. Waƙa ɗaya mutum ashirin na iya rera ta, ba wanda zai ce wani ya yi sata ko ya gaza. Sinatra da kansa da kyar za ka ƙirga waƙoƙin da ya sa hannu a rubutunsu. Mai waƙa a wancan zamanin shi ne wanda ya fi kowa iya faɗinta.

Wanda ya rusa wannan tsari, ko aƙalla ya fi kowa dukan ginin, Dylan ne, tare da 'yan ƙungiyar waƙa ta Beatles. Shi da bakinsa ya taɓa bugun ƙirji cewa shi ya kawo ƙarshen Tin Pan Alley. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka koma ganin cewa mawaƙi na gaske shi ne mai rubuta abin da yake rerawa. Kuma a daidai wannan lokacin ne sana'ar sharhin waƙoƙin zamani ta kafu. Mujallar Rolling Stone a 1967 aka fara buga ta. Wato masu sharhin da wannan aƙida suka buɗe ido. Shi ya sa har yau, in tsohon mawaƙi ya ce zai fitar da kundin waƙoƙin wasu, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne rijiya ta ƙafe, an fita bara. Kayan aro, in ji mutanenmu, ba ya rufe katara.

Akwai kuma zargin kuɗi, kuma ba zargi ne na banza ba. Tun 1909 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba kowa damar ɗaukar waƙar da aka riga aka fitar ya sake rera ta, ba sai ya roƙi marubucinta ba, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade. Daga 2006 zuwa 2022 kuɗin santi 9.1 na dala ne a kan kowane kwafi na waƙa. Ga kamfani wannan ciniki ne mai sauƙi. Waƙoƙin an riga an san su, ba sai an sha wahalar cusa su a kunnen jama'a ba. Mawaƙin an san shi. Masu sayen kuma manya ne, masu abin hannu, waɗanda a shekarun 2000, lokacin da matasa suka koma kwasar waƙa kyauta a intanet, su suna nan suna shiga kanti su sayi faifai.

Wannan lissafi ne ya haifi jerin kundayen Rod Stewart na The Great American Songbook, ƙarƙashin kamfanin J Records na Clive Davis. Na farko ya fito a 2002, sannan 2003, 2004, 2005, na biyar a 2010. Duk a watan Oktoba, gab da cinikin Kirsimeti, abin da ba sai an yi wa kowa fassara ba. An sayar da miliyoyi. Na uku ya hau na ɗaya a Amurka, kuma shi ya kawo wa Stewart Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ta farko a rayuwarsa, bayan sama da shekara talatin yana waƙa. Masu sharhi kuwa, galibinsu sun taɓe baki. Ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne: an jera masa makaɗa jingim, goge da ƙaho da fiyano, an yi wa komai kwalliya, shi kuma ya bi ta kan waƙoƙin yana murmushi, mai baƙin ciki da mai farin ciki duk da fuska ɗaya. Dylan ma ya taɓa tofa albarkacin bakinsa a wata hira, ya ce ya sa rai Stewart zai kawo wani abu dabam, amma kundayen ba su gamsar da shi ba, kuma bai ga amfanin jibga wa mai irin wannan murya makaɗa talatin a baya ba.

To me Dylan ya yi da nasa hannun?

Da farko ya rage kaya. Ya shiga sutudiyon Capitol a Los Angeles, ginin da Sinatra ya yi manyan ayyukansa a ciki, da makaɗansa biyar da yake yawon duniya da su. Injiniyan sauti Al Schmitt, wanda ya taɓa aiki da Sinatra, shi ya ɗauka. Duk a ɗaki ɗaya, kowa na jin kowa, ba wanda ya sa abin ji a kunne, ba a ware mawaƙi a wani keji ba, ba a dawo daga baya an yi ciko ko faci ba. Dylan ya ce kowace waƙa sau ɗaya ko biyu aka yi ta. Aikin da tarin masu goge ke yi a wajen Sinatra, a nan jita ɗaya ce ta kwance, wadda ake murza wa ƙarfe a kan tsirkiya, take yin sa a hannun Donnie Herron, tana kuka a hankali a bayan murya. Sai babban bas na Tony Garnier, sai ƙaho kaɗan can ƙasa-ƙasa a wasu wurare. Ganga kusan ba a jin ta.

Sannan zaɓin waƙoƙin. Bai taɓa waɗanda Sinatra ke yi yana taƙama ba, na birni da fitilu da cin nasara. Ya ɗebo na dare, na wanda aka bari. Ya buɗe da I'm a Fool to Want You, ɗaya daga cikin 'yan waƙoƙin da Sinatra ya sa hannu a rubutunsu, wadda ya rera a 1951 lokacin da soyayyarsa da 'yar fim Ava Gardner ke gasa masa aya a hannu. Wannan waƙar ce kuma mawaƙiya Billie Holiday ta buɗe kundinta na 1958 da ita, muryarta ta riga ta lalace, shekara guda kafin rasuwarta. Duk mai sharhin da ya san aikinsa ya gane inda Dylan ya dosa tun daga waƙar farko: layin Holiday ya bi, na masu karyayyar murya.

Muryar kuma ta ba da mamaki. Bai yi gurnanin da aka saba ba. Ya sassauta, ya bi karin waƙa sawu da ƙafa, yana jan numfashi inda ya kamata, kana jin yadda yake lallaɓa kowace gaɓa kamar mai tafiya da ƙwai a faranti. Wani wuri muryar takan yi rawa, wani wuri ta kasa kai inda aka aike ta, kuma an bar shi haka ba a gyara ba. A sanarwar da ya fitar ya yi wasa da kalma, domin a Turanci kalmar da ake amfani da ita wajen rera waƙar wani ita ce kuma kalmar rufewa. Ya ce waɗannan waƙoƙi an rufe su ya isa, har an binne su. Shi da makaɗansa tono su suke yi, su fito da su sarari. Jaridu da yawa sun ɗauki wannan magana sun maimaita, kuma ina ganin ta yi masa rabin aikin, don ya ba masu sharhi tabaran da za su kalli kundin da shi tun kafin su saurara.

A nan ne nake ganin gaskiyar yabon take, kuma a nan ne son kai ya shigo. Gaskiyar ita ce, akwai waƙoƙin da shekaru ke ƙara wa nauyi. Autumn Leaves, wadda asalinta ta Faransa ce, maganar ganyen da ke zuba ce da kwanakin da ke gajarta. Ɗan shekara talatin in ya rera ta, kwatance yake yi. Ɗan shekara saba'in da uku kuwa, labari yake bayarwa. Tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma ba ƙarya masu sharhi suka yi ba da suka ce sun ji wani abu a bakin Dylan da babu shi a bakin masu murya garau. Kwana uku bayan fitar kundin, a wani taron karrama shi da gidauniyar MusiCares ta shirya, ya yi dogon jawabi yana ƙorafin cewa shekara da shekaru masu sharhi na cewa kukan kwaɗo yake yi, alhali ba sa faɗin haka a kan Tom Waits ko Leonard Cohen. Ya kawo maganar mawaƙi Sam Cooke, cewa ba da kyau ake auna murya ba, abin dubawa shi ne ko ta sa ka yarda gaskiya take faɗa. Da wannan mudu, kundin ya cika.

Amma sai a tambaya: yaya kunne ke gane gaskiya? Ɗauki Why Try to Change Me Now, wato me zai sa a nemi canza ni yanzu. Sinatra ya rera ta a 1952 yana ɗan shekara 36, ita ce ta ƙarshe da ya yi wa kamfanin Columbia. A bakinsa, saurayi ne mai shiririta yake ba budurwa haƙuri. A bakin Dylan, kowa ya ji mutumin da aka yi wa ihu a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a 1965 don ya ɗauki jitar lantarki, wanda aka kira maci amana a Manchester a 1966, wanda ya koma waƙoƙin addinin Kirista a 1979 masoyansa suka rasa inda za su sa kansu. Waƙar ta zama amsa ga shekara hamsin na surutu. Wannan ma'anar fa ba a cikin sautin take ba. Mai sauraro ne ya zo da ita daga gida. A ɗauko wani dattijo da ba a san shi ba, mai murya irin wannan sak, ya yi kundin nan sak, ina shakka ko jarida ɗaya za ta ba shi rabin shafi. Abin da ake wa sharhi rabi faifai ne, rabi tarihin mai faifan. Stewart kuwa tarihinsa a idon masu sharhi na mutumin da ya fara da kyau a farkon shekarun 1970 ne, sannan ya bi kasuwa. Da wannan tabon ya shigo, kuma ko da ya yi abin kirki a wata waƙar, an riga an yanke hukunci. Ba a cika tuna cewa a 2000 aka yi masa aikin cutar daji a maƙogwaro ba, sai da ya sake koyon waƙa. In karyayyar murya da tsallake rijiya da baya ake nema, shi ma yana da nasa. Bai dai tallata shi a cikin sautin ba.

Wannan ma'auni na karyayyar murya yana da uba, kuma mawaƙin Amurka Johnny Cash ne. Daga 1994 furodusa Rick Rubin ya zaunar da shi da jita ɗaya, lokacin da kamfanonin waƙa na birnin Nashville suka gama da shi, ya riƙa ba shi waƙoƙin matasa. A kundin 2002 Cash ya rera Hurt, waƙar da Trent Reznor ya rubuta a kan ƙangin ƙwaya yana matashi. A bakin Cash, mai fama da ciwo, ta koma lissafin mutumin da ke kallon ƙarshensa. Matarsa June Carter ta rasu a watan Mayun 2003, shi ya bi ta a Satumba yana da shekara 71. Reznor da kansa ya ce waƙar ta tashi daga tasa. Aikin ya cancanci duk yabon da ya samu. Matsalar ita ce bayansa abin ya zama girki mai ma'auni: samo tsoho, kwashe makaɗa, kusanto da makirfo har a ji numfashi, zaɓi waƙar mutuwa ko nadama. Kwalliyar Stewart dabara ce ta kasuwa, kowa ya gani. Rashin kwalliyar ma dabara ce, ta fi dai iya ɓuya, kuma ita ce ta dace da ɗanɗanon masu rubutu a jarida. Dylan ba baƙo ba ne a harkar talla. Hira ɗaya tak ya yi a kan kundin, kuma da mujallar AARP ya yi ta, ta ƙungiyar 'yan shekara hamsin zuwa sama, aka kuma raba wa masu karanta ta kwafi 50,000 kyauta. Mutanen da Clive Davis ya hango, su ɗin dai Dylan ya aika wa.

Abin da ya fi nuna cewa hukuncin masu sharhi yana tafiya da zamani shi ne abin da ya sami Dylan ɗin kansa a 1970. A shekarar ya fitar da Self Portrait, faifai biyu, waƙoƙi 24, da yawansu na aro. Yana ɗan shekara 29, ana kallon sa a matsayin bakin matasan zamaninsa. Mai sharhi Greil Marcus ya buɗe sharhinsa a Rolling Stone da tambaya mai kalma huɗu da ba ta faɗuwa a gaban surukai. In an wanke ta, cewa ya yi wane irin shirme ne wannan. Ta zama ɗaya daga cikin jimlolin da aka fi tunawa a tarihin sharhin waƙa. Laifin Dylan a lokacin shi ne ana jiran ya faɗi wani abu a kan yaƙin Vietnam da halin da ƙasa ke ciki, shi kuma ya zo yana rera waƙoƙin mutane da lallausar murya. A 2013 kamfanin Columbia ya fitar da ragowar abin da aka ɗauka a wancan zama, an cire kwalliyar da aka ɗora daga baya, aka sa masa suna Another Self Portrait. Aka yi ta yabo. Cikin waɗanda suka rubuta bayanin da ke cikin kwalin har da Greil Marcus. Gaskiya ne cire kwalliyar ya gyara sautin. Gaskiya ne kuma cewa a 2013 ba wanda ke bin Dylan bashin komai. Matashi in ya ari waƙa, sai a ce ya gudu daga aikinsa. Tsoho in ya ara, sai a ce yana gaida magabata.

Ba kowa ne ya bi ayarin yabo a 2015 ba. Waɗanda ba su gamsu ba sun ce waƙoƙin duk tafiyarsu ɗaya, a hankali, ba hawa ba sauka, mutum na iya yin gyangyaɗi kafin ta shida. Ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma gajartar kundin ce ta cece shi. Da Dylan ya ƙi tsayawa, sai haƙurin ya fara raguwa. Fallen Angels ya biyo baya a 2016. A Oktoban shekarar aka ba shi kyautar Nobel ta adabi saboda waƙoƙin da ya rubuta, shi kuma bayan wata biyar ya amsa da Triplicate, faifai uku, waƙoƙi 30, babu nasa ko ɗaya. Har yanzu an yaba, amma a ƙarƙashin yabon kana jin tambayar da ake ta yi cikin ladabi: yaushe za a dawo gida? Masu zaɓen Grammy kuwa ba su taɓa karkata ba. Duka kundayen uku sun shiga takara a rukunin tsofaffin waƙoƙi, rukunin da Stewart ya ci a 2005, kuma duka uku sun faɗi: na farko da na uku ga ayyukan Tony Bennett, na tsakiya ga Willie Nelson.

Ya dawo gidan a 2020 da Rough and Rowdy Ways, waƙoƙinsa na kansa na farko cikin shekara takwas, kuma wanda ya saurara zai ji cewa shekarun da ya yi a makarantar Sinatra ba su tafi a banza ba: sassaucin muryar, da barin fili tsakanin kalmomi, da kiɗan da ke tafiya a hankali, duk sun biyo shi. Kundin ya hau na ɗaya a Birtaniya yana da shekara 79, ya karɓo kambin namijin da ya fi kowa shekaru da ya hau na ɗaya shi kaɗai, wanda Paul Simon da Rod Stewart suka riƙe a tsakani. Bai cika shekara da shi ba. A watan Afrilun 2021 Tom Jones, ɗan shekara 80, mutumin da ya yi sama da rabin ƙarni yana rera abin da wasu suka rubuta, ya hau na ɗaya da Surrounded by Time. Kundin aro ne, masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, kuma cikin waƙoƙin da ya ara akwai One More Cup of Coffee, wadda Bob Dylan ya rubuta.